Uwar Ginshiƙi: Rayuwarta da Aikinta a kan Katako

Haihuwa

An haifi marigayiya, wadda ɗalibai da kafintoci suka fi sani da Uwar Ginshiƙi, a shekarar 1953 a wani gari na bakin kogi. Mahaifinta direban motar dakon katako ne, mahaifiyarta kuma ungozoma. Ita ce ta uku a ɗakinsu, kuma tun tana firamare ta shahara da lissafi da taurin kai, har yayyenta sukan ce ba su san wanda ya fi yawa ba.

Karatu da aure

A shekarar 1972 ta shiga jami'a, sashen injiniyan gine-gine, ita kaɗai mace a ajinsu. Da ta kammala aka riƙe ta a ɗakin gwaji, wani dogon zaure mai warin gam da ƙurar zarto, inda aikinta shi ne ta tsayar da ginshiƙi a cikin injin matsi, ta yi ta ƙara masa nauyi har ya gantsare ya karye. Ranar da mahaifiyarta ta kawo ziyara ta ga haka, ta riƙe haɓa ta ce ashe duk karatun nan na karya itace ne, abin da ƙannenta ke yi kyauta a tsakar gida.

A shekarar 1979 ta auri wani malamin tarihi mai barkwanci, wanda yakan gargaɗi baƙi kada su jingina da komai a gidan, don matar gida za ta lissafa nauyinsu.

Bincike

A wancan zamani manyan itatuwa sun yi ƙaranci, saboda haka ta himmatu wajen manna siraran falankai da gam, ɗaya bisa ɗaya, su zama ginshiƙi guda. Hatsarin dogon ginshiƙi shi ne ba ya jira katakonsa ya murƙushe, lanƙwashewa yake yi gefe farat ɗaya, babu gargaɗi. Gwajinta na farko a 1983 ya watsa mata ƙasa a ido, domin ginshiƙin ya lanƙwashe tun bai ɗauki rabin abin da ta lissafa ba, abokan aiki kuma suka ce katako dai sai kujera. Shekaru ta yi tana tsaga karyayyun ginshiƙai tana dubawa, har ta tabbatar cewa falankan zamewa suke yi a kan juna idan gam ya sha laima, kuma idanun katako, wato gurbin rassa, in suka jeru wuri ɗaya nan rauni yake. Ta sauya gam, ta warwatsa idanun, ta mayar da falankai mafi ƙarfi waje, sannan ta sake gina lissafinta daga tushe.

Babban gwaji

A shekarar 1990 rufin wani babban rumbun takin zamani ya rufta, domin takin ya cinye ginshiƙan ƙarfe da tsatsa, ga damina ta ƙarato, ga takin manoma a fili. Ta ba da shawarar a gina da katako, amma shugaban kwamitin sake ginin, wanda tsohon malaminta ne, ya ce ba zai sa hannu leburori su kwana ƙarƙashin falanki da gam ba. Sai ta gayyaci kwamitin zuwa ɗakin gwaji, ta tsayar da ginshiƙinta a inji, ta sa alli ta yi alama a fuskar ma'aunin injin daidai nauyin da ta lissafa.

“Malam,” in ji ta, “in ya lanƙwasa kafin allurar nan ta kai alamar, na janye, kuma ba za ka ƙara jin bakina ba.”

Aka kunna inji. Katako ya yi ta ƙara, wasu suka ja da baya zuwa ƙofa, allura ta hau ta taɓa alama, ta wuce, sannan ginshiƙin ya rusuna. Tsohon malamin ya juyo wajenta.

“Kin ci, 'yata. Ba ni alƙalami.”

Mijinta ya ce ya fi kowa godiya ga Allah, domin alkawarin yin shiru ba wanda za ta iya cikawa ba ne. Aka gama rumbun kafin ruwa ya yi ƙarfi. Bayan shekara shida lissafinta ya shiga ƙa'idojin gini, a 1998 kuma ta zama farfesa.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Kafin ta yi ritaya a 2013 ta kafa wani ginshiƙi a kusurwar zauren gwajin, ta ɗora masa nauyi na dindindin, domin a ga ko tsawon zamani kaɗai zai lanƙwasa shi. Ta rasu a shekarar 2021 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata salla aka binne ta kusa da mijinta, wanda ya riga ta rasuwa, kafintoci da injiniyoyi suna ta rige-rigen ɗaukar makara. Allah Ya jiƙanta.

Ta bar 'ya'ya huɗu: babbansu likitan dabbobi ne, mai bi masa alƙali, sai tela wadda ta gaji barkwancin uban, sai auta, injiniya, wadda mabuɗin ɗakin gwajin yake hannunta. Ita ke auna ginshiƙin nan, kuma zuwa lokacin rubuta wannan tarihi yana nan a miƙe.