Saura Taku Uku

Ko da zan manta komai na zaman makarantar kwana, ranar gasar gudu ta shekarar da nake aji biyu ba za ta fita daga raina ba. Makarantar 'yan mata ce a cikin garin Bauchi. Daga Gwallaga aka kawo ni, kuma a lokacin ko sunana aka kira a aji sai in ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Ba na magana, amma idona ba ya barin komai ya wuce.

Ana gobe gasar aka kwashe mu 'yan ƙananan aji zuwa fili, kowa da bokitin toka, mu ja layukan gudu. Gudun zagaye ɗaya yana da ƙa'ida: tunda layin waje ya fi na ciki tsawo, ba a jere ake tashi ba, kowace tana ɗan gaban ta cikinta. Malamin wasanni yana aunawa da igiya, ana kafa turke a inda kowace za ta tashi. Da aka zo layi na biyar turken ya ƙi shiga, ashe dutse ne a wurin. Malam ya ce a matsa gaba a kafa shi, in an zo zuba toka a dawo baya taku uku. Nan aka buga ƙararrawar abinci. Da muka dawo, wasu 'yan aji ɗaya ne suka ɗauki bokitin, suka zuba tokar daidai gindin turken. Ina tsaye ina kallo. Na buɗe baki, na sake rufewa. Na ce a raina ai Malam zai duba. Bai duba ba.

Washegari ƙuri'a ta ba Siniyar gidanmu, wato babbar ɗalibar ɗakin kwananmu, layi na biyar. 'Yar aji shida ce daga kudancin jihar, lambobin yabon da ta ci sun cika gwangwanin madara a akwatinta. Wadda ta zo ta ɗaya a wannan gudu ita kaɗai za ta wakilci makaranta a gasar jiha, ita kuwa shekararta ta ƙarshe ke nan. A layi na biyu akwai wata 'yar aji huɗu daga Zungur, siririya, ba ta gudu da takalmi.

Aka busa usur. Su biyun suka bar saura a baya, suka shigo ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, Siniya ta riga ta da abin da bai kai taku ɗaya ba. 'Yan gidanmu suka hau kiɗa da bokitai. Ni kuwa idona yana kan 'yar Zungur, ta durƙusa tana cire ƙaya daga tafin ƙafarta, ko kuka ba ta yi ba.

Har yau ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na dai ce wa kaina yau ba zan sake haɗiye magana ba. Na kutsa cikin masu murna, na ja gefen rigar Siniya, na faɗa mata komai.

"Ke 'yar shiru, dama kina magana?" in ji ta tana dariya. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. "Zo ki nuna min."

Na kai ta. Na nuna mata dutsen, da ɗan farin tabon da turken ya bar masa. Ta tsaya a kai, ta taka zuwa layin toka tana ƙirgawa. Ta dawo ta sake takawa. Daga nan ta nufi teburin alƙalai.

Malam ya tuna, na ga ya dafe goshi. Amma ya ce an riga an rubuta sakamako, ga manyan baƙi suna jira, kuma ko ba kuskuren ai kowa ya san ita ce gwana. Siniya ta cire lambar da aka rataya mata a wuya ta ajiye a gabansa.

"Malam, ban gama gudun ba. Saura taku uku."

Sai da aka kira shugabar makaranta. Ta saurari kowa, har ni, sannan ta ce a gyara layin a sake bayan la'asar. Kafin lokacin Siniya ta yi gudun miƙa sanda, kowa ya ga ta gaji. Ƙawayenta suka yi ta roƙonta ta ce a bari sai gobe, ta ce 'yar Zungur ma ai ta yi wannan gudun.

Aka sake busa usur. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu da dukan jikinsa kamar yadda ta yi ba, jijiyar wuyanta duk ta fito. Amma 'yar Zungur ta wuce ta a kwanar ƙarshe, ta ci a fili ƙarara.

A ɗakin kwana na sha suna. Munafuka, mai ido a ƙeya, wadda ta sayar da gidanta. Siniya ta shigo tana ɗingishi, ta zauna a bakin gadona, ta ce duk mai magana da ni ta fara biyowa ta kanta. Ta juyo ta ce min, "Laifinki ɗaya ne. Da jiya kika faɗa, da ban yi gudu sau biyu ba."

Daga wannan makon, kullum bayan sallar asuba sai in hango su biyu a fili, Siniya tana koya wa 'yar Zungur yadda ake tashi da yadda ake shan kwana, har ta ba ta takalminta. Me yarinyar ta ciyo a gasar jiha, wallahi na manta. Yawan lambobin cikin gwangwanin nan ma na manta. Wadda aka ajiye a kan tebur ita ce na riƙe.

Abin da na koya ke nan: babban ɗan wasa shi ne wanda ba ya karɓar nasarar da bai gama biyanta da ƙafarsa ba, ko da babu mai tilasta masa. Ni kuma tun daga ranar, in na ga an zuba toka a inda ba nan ba ne, a take nake faɗa.