Bencin Tsohuwar Kotu

A gidanmu na unguwar Nima, da an sallame sallar Magariba sai Kaka ta jawo kurfoti, wato murhun gawayi, tsakar gida, ta ɗora ruwan gasarar kokon da za ta sayar da safe. Mu jikoki mu kewaye ta. Kowa ya san wurinsa. Cinyar Kaka ta Rabi ce, 'yar kawuna, wadda na girma da 'yan watanni kawai. Ni kuwa can gefen hayaƙi, ni ce mai fifita wuta. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji haushi.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na tsohuwar kotun zango, wani ginin ƙasa mai rufin kwano da muke wucewa idan an aike mu unguwar Maamobi. A lokacinmu awaki ke kwana a ciki.

"Ga ta nan gare ku," in ji Kaka, "amma wannan babu Gizo a ciki. Da idona na ga bencin."

Wai alƙalin wurin yana da wani dogon benci da aka kafa wa ƙafafu a tsakiya. Mai ƙara a wannan baki, wanda ake ƙara a wancan. Duk wanda ya zabura cikin fushi, ɗan'uwansa zai sha ƙasa, kuma wanda ya tashin shi ya faɗi shari'a. Wata rana aka kawo mahauta biyu daga Sabon Zango, suna rigima a kan rago. Suka yi ta zage-zage a zaune, babu mai iya motsi. Alƙali ya ƙyale su, yana ta jan carbinsa. Har aka kira sallar La'asar. Ɗaya ya dubi ɗaya, ya ce, "Kai, mu tashi tare." Suka miƙe a hankali kamar masu ɗaukar tulu. Alƙali ya ce, "Mutanen da suka iya shirya tashi, raba rago zai gagare su? Ku ba ni wuri!"

Bana aka tashi gyaran kotun. Aka sake rufi, aka yaɓe bango, a ƙarƙashin tarkace kuma aka tono bencin. Da dattawan unguwa suka nemi wanda zai ba da tarihinsa ranar buɗewa, wa za su kira? Rabi mana! Ai ita ce 'yar gaban goshin marigayiya Kaka. Ni ko gaisuwa ba a aiko mini ba. Na ce babu inda za ni.

Ana gobe biki sai ga ta a ƙofata, mayafi a karkace.

"Yaya," ta ce, ita da ba ta taɓa ce mini Yaya ba, "mahautan nan, yaya suka ƙare ne?"

Na ce, "Au, ni kike tambaya? Ke da aka rena a cinya?"

"Cinyar ce matsalar. Da ta fara shafa mini kai sai barci. Ban taɓa jin ƙarshensa ba, ko sau ɗaya."

Ashe duk shekarun nan ni kaɗai na kai ƙarshen labarin, don haushi ba ya bari in runtsa.

Na zaunar da ita na faɗa mata, har da yadda Kaka ke kwaikwayon muryar alƙali. Washegari ta ba da shi tsaf, aka yi ta tafi, ina daga baya ina ji.

Mutane kan ce ai ni na yi riba, tunda labarin a wurina ya zauna. Ban musa ba. Amma da Kaka za ta dawo yau ta ce in zaɓa, wallahi Rabi ta riƙe mahautanta, ni barcin nake so.