Simintin Kaka a Ƙarƙashin Rumbu

Ni ne mai ilimin gidanmu, kada a yi dariya. Shekara huɗu na yi a lekol ɗin Matameye, wato makarantar boko, kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu lafiya. Da wannan ilimin aka ɗora mini rubuta tarihin kakata a kan siminti.

Kaka ta haura ɗari. Kowa ya yarda, don ba sauran wanda zai musa. Ita ba ta ƙirga shekaru, yunwa take ƙirgawa. "Angona," haka take kirana, "shekarar da Nasara ya shigo Damagaram aka kai ni ɗaki. Ubanka a cikin babbar yunwa na haife shi. Kishiyata fara ta zo, ta cinye gonar, na ga bayanta." An ɗauke mata miji aikin tilas na fasa dutsen hanya, ya dawo da tari. An sauke tutar Nasara, an ɗaga tamu, soja suka zo suka hau. Ta ce duk wanda ya hau, ita dai daka take.

A fari na biyu na zamanin soja gero bai ko fid da kai ba. Kamyo, babbar motar kaya, ke kawo jar dawa, mai unguwa na kiran gida gida, ana aunawa bisa yawan bakuna, soja na tsaye da bindiga. Kaka ba haƙori, kunu kaɗan take kurɓa ta ture sauran wa ɗiyata, wadda aka yaye a lokacin, gashinta ya yi ja, cikinta ya yi tulu. Rabon Kaka ne ke riƙe da yarinyar. Duk gidan mun sani, ba mai faɗi.

Wata rana da hantsi Kaka ta cika. Muka kai ta, aka kafa tsingaro a wajen kai kamar yadda ake yi wa kowa.

Bayan kwana uku yayana ya iso daga Kano, inda yake cin rani da aikin gini, da guntun siminti a buhu. Can ya ga kaburbura masu suna. Liman ya ce mu tsingaro muka gada. Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, mace ta ga duniya shekara ɗari, a bar ta da fasasshiyar tukunya?" Ya kwaɓa da ruwan da matata ta yini a rijiya kafin ta samu, ya zuba, ya miƙo mini ƙusa. Na gyara zama irin na manyan ma'aikata. Na rubuta sunanta, na rubuta ta haura ɗari, na sa wata da shekarar rasuwa. Wasu baƙaƙen sun jingina da juna kamar masu jin yunwa, amma ana karantawa.

Mai unguwa ya shigo gaisuwa, ya tarar da simintin yana bushewa.

"Ɗan lekol, me ka zana nan?"

Na karanta masa da ƙarfi, har da gyaran murya.

"Madalla. Ina za a kafa shi?"

"Maƙabarta mana, Baba."

"Wadda ke bakin hanyar kamyo?" Ya dube ni, ya dubi ɗiyata a kan tabarma. "Ni ban cire tsohuwa daga rabo ba. Unguwa ta yi shiru, Liman ya kau da kai. Kai kuma ka rubuta wa soja wasiƙa da siminti. Su nasu lekol ɗin sun gama shi, ka sani."

Yaya ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya. Muka ɗauki abin mu biyu, muka kife shi ƙarƙashin rumbun da ba kome a ciki.

Wata bakwai ana kiran sunan Kaka a wurin rabo, ni ke amsawa, "Tana gida, ba ta iya tafiya." Nakan gaya wa kaina ba ƙarya a rabin maganar. A bayana cikin layi akwai masu ƴaƴa irin tawa, waɗanda ba su da wata tsohuwa da za su ci da sunanta. Ban taɓa waiwayawa ba.

Da damina ta yi kyau aka daina rabo, muka ɗora simintin a amalanke. Maƙabartar ta ci gaba har bayan ƙayar da muka yi alama da ita, ƙayar ma an sare. Ruwa ya baje tudun, ciyawa ta rufe, ko'ina tsingaro, yawanci a kan gajerun kaburbura. Yaya ya ce nan ne, na ce can ne. Liman ya ce kada mu danne ɗan wani da sunan da ba nasa ba. Muka yi addu'a ga duka, muka juyo da kayanmu.

Ɗiyar ta rayu, yau har da jikokinta. Simintin na nan inda muka kife shi. In ta zo gida a kansa take zama tana tsince wake, tana yi mini tsiyar wai ilimina bai taɓa amfanar kowa ba. Ban musa mata.