Tsoho Mai Iyafis a Tashar Cluj

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wani tsoho mai hular ulu yana zaune da kwamfuta a cinyarsa, iyafis mara igiya a kunnuwansa. Bidiyon wani biki yake kallo, amma jim kaɗan sai ya tsayar, ya mayar da sautin kan wayarsa, ya kasa kunne.

"Baba, ai in an kira ka, sautin da kansa zai koma kan wayar," na ce.

"Haka Ilinca ta rubuto da ta aiko min shi daga Turin." Ina zaton 'yarsa ce. Ya shafa fuskar wayar da babban yatsa. "Ban gani ba tukuna, ɗana. Tun bazara ba ta kira ba."