Famfon Mayanka

Shekara biyu na yi a kujerar konseye, wato wakilcin unguwa a majalisar gari, ba a taɓa sa maganata a takarda ba. Ku da kuka shigo aikin meri, wato hukumar gari, yanzu, ku ji yadda abin yake a zamanin jam'iyya ɗaya.

Duk majalisar garinmu, can arewa da Garwa, ni kaɗai ce mace. Matan unguwar mahauta ne suka tura ni, buƙatarsu ɗaya: famfo a mayanka. Masu wankin kayan ciki kullum sai sun gangara kogi, kuma kogin ya riga ya ci mana mace guda.

Ƙa'ida ita ce ba a tattauna komai sai abin da ke cikin jerin maganganun ranar, wanda ake bugawa da Faransanci. Ni sai da na yi jika na shiga ajin yamma, don haka ba na wasa da takarda, da yatsa nake bin ta layi-layi. Babu famfo. In na ɗaga hannu, Mer, wato shugaban majalisa, ya ce, "Hajja, sai zama na gaba." Zama na gaba kuwa wata shida ne.

Zaman da bai bar raina ba shi ne na goshin damina. Aka amince a yi wa ofis fenti, aka tafa, aka tashi. Na tare Malam Buba sakatare a baranda.

"Malam, wa ke buga jerin nan?"

"Ni ne, Hajja."

"To ina famfona? Wasiƙa huɗu na kawo, da hannuna na rubuta."

"Suna nan lafiya, ko ɓera bai taɓa su ba." Ya waiga hagu da dama. "A zauren Mer ake tsara shi, wajen gaisuwar safe. Konseye ya tuɓe takalmi, ya sha kunu, ya faɗi damuwarsa. Abin da aka gyaɗa wa kai, shi nake bugawa."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Ai zaure ne, Hajja. Mata ta ƙofar baya suke shiga, wajen uwargida."

"Uwargidan ce ke raba famfo?"

Ya hau gyaran hula.

A nan na fahimci aikinmu. Ɗakin majalisa na yin tafi ne kawai, magana tun da hantsi an gama ta.

Washegari da sassafe na ɗaura zanen jam'iyya, na ɗauki kofina na kunu don kada a ce babu na mace, na nufi zauren Mer. Na ajiye takalmina a tsakiyar na maza, na yi sallama da ƙarfi, na shiga.