Jakin da na sa wa inuwa

Aji biyu da rabi na yi a elemantaren Karaye, zamanin En'e. Na fi ji da rabin, don a cikinsa na koyi abin da ya kore ni.

Babana majemi ne a Tudun Kaya, ya ɗan taɓa littattafai. Da dagaci ya matsa masa ya ba da ɗa boko, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: "Na ji suna zane-zane. Zana abin da ka ga dama, ban da mai inuwa. Wannan haramun ne."

Wata safiya malaminmu, wani siririn Bakano, ya ajiye tulu a taga, muka zana. Ya dubi nawa ya ce, "Kai, wannan ai faifai ne mai wuya. Ina cikinsa?" Ya kama babban yatsana ya murza gawayi a gefen da rana ba ta bugawa, sai tulu ya kumbura a takarda har na tsorata. Ya ce sunan wannan sa inuwa. Sannan ya ce in bar kallon tulun, in zana hasken da ke tsakanin wuyansa da katakon taga. A raina na ce bawan Allahn nan ya taɓu. Na zana inda babu tulu, sai ga tulu ya fito da kansa.

Daɗi ya kwashe ni, sharaɗi ya tafi. Da hutu na zana jakinmu a bangon zaure. Na fara da sararin da ke tsakanin ƙafafunsa, na murje ƙasan cikinsa. Baba ya tsaya ya daɗe, har da murmushi.

"Yaya aka yi cikinsa ya turo haka, kamar a shafa?"

Ni kuwa shugaban masu wayo na ce, "Inuwa na sa masa, Baba."

Nan take ya rantse ba ni ba boko. Daga baya liman ya yi masa bayani: mai inuwa a littafi gunki ne, wanda in ka tsayar da shi a rana zai yi inuwa a ƙasa, ba gawayi a bango ba. Baba ya ce, "Allah gafarta malam, na ji. Amma ba zan yi kaffara saboda jaki ba."

Sana'ar jima na gada. Hannun ya yi kanta, ya daina jin gawayi. Malamin zanen kuwa an mai da shi wajen Rogo, ban sake ganinsa ba.

Yanzu na tsufa, yanar ido ta rufe mini gani. Jikokina in sun shigo ba na ganin fuska, sai duhu-duhu da hasken da ke kewaye da su. Ta nan nake gane kowa, ban taɓa kuskure ba. Darasin ya zauna daram, ranka ya daɗe. Takardar ce ba na gani.