Kaskon Rairayin Inna Kubra

Da an sallame sallar asuba, kafin mata su fara daka, hayaƙi kan tashi bayan gidan Inna Kubra a Dogon Dutsi. Baƙo zai ce gyaɗa take soyawa, don kaskon na suyar gyaɗa ne, da shi ta ci abinci kafin ta kama aikin shara a likita. Amma rairayi ne zalla a ciki. Tana juya shi har ya ɗauki zafi, ta gwada da bayan hannu, ta ƙulla cikin tsummoki, ta jera a ƙwarya, ta aza bisa kai. Gidajen da take bi na mutanen da gari ke waye musu da yatsu a sanƙare ne, gwiwa a kumbure, ko buta ba su iya ɗauka. Ta ɗora musu ƙunshin rairayi, ta zauna tana murza gaɓa bayan gaɓa, tana ba da labarin unguwa, har hannu ya saki. Sannan ta wuce likita ta ɗauki tsintsiya. Uwata na cikin waɗanda take bi, shi ya sa na san tafiyarta tun daga ƙofar gida.

Ciwon nan ba shi da suna guda a bakinmu. Wasu su ce sanyi, wasu su ce doguwa ce ta taɓa mutum. Majo Fidel, babban ma'aikacin likitarmu, ya ce jiki ne ke faɗa da kansa, kamar karen gida da ya daina gane mutanen gida. Ba a ɗaukar shi wurin wani, kuma har yau ba a samu abin da ke raba mutum da shi ba, sai dai a kwantar da shi. 'Yan shekarun nan da ƙasa ta dawo hannunmu Majo ya fara ba masu shi asfirin da nibakin, wadda munka sani ta zazzaɓi, a yi ta sha wata da watanni. To Majo na da ƙwaya, amma ba shi da ƙafar bin gidaje. Inna Kubra ce ke tuna wa mutum ya ci abinci kafin ya haɗiya, ita ke lallashin wanda ya gaji ya ce ya bari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Ajuma, matar Sambo makiyayi, da ke ruga kusa da Ɗan Kassari. Ajuma mai fura da nono ce. Da yatsunta sunka fara karkacewa, sai wani ya ce kuturta, magana ta bi kasuwa. Anka daina sayen furarta. A ruga anka ware mata ƙwarya da ludayi. Umma, uwar Sambo, wadda ba a tsallake maganarta, ta yanke cewa in ruwa ya sauka za a tashi da shanu zuwa arewa a bar Ajuma cikin bukka bayan gari, ɗiyarta kuma ta bi kaka. Har an kafa itacen bukkar.

Sambo ya kawo ta likita bisa amalanke. Majo ya duba ta sarai, ya ce babu kuturta ko kaɗan, ya ba da ƙwaya. Sambo ya koma da maganar, Umma ta ce Majo ba da su yake cin tuwo ba. Inna Kubra ta ji haka daga bakin Sambo, ta tambayi ranar kasuwa.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani. Ba'are na iya gaya wa Bafulatani abin da ɗan'uwansa ba ya iyawa, kuma ba a yin fushi. Inna Kubra Ba'ara ce, ga zanen nan a kumatunta. Ran kasuwa ta sauka Ɗan Kassari, ta tarar da matan ruga a jere da ƙwaryoyinsu, Ajuma can nesa ita kaɗai tana tsaron jakai. Umma na hango ta ta ce, "Ke baiwar ubana, mi ya kawo ki wurin iyayengijinki?"

Inna Kubra ta ce, "Na taho in ga Hillanin da ba su tsoron kura, ga su suna gudun ƙwarya."

Anka yi dariya. Ta sayi fura da nono wurin Umma, ta ɗauka ta kai gaban Ajuma, ta ce ta dama mata da hannunta. Dariya ta tsaya. Umma ta ce ta bari, yarinyar ba ta da lafiya. Waɗanda ke wurin sun ce Ajuma ta daɗe tana murza furar, don yatsun ba su kamawa, Inna Kubra kuma ba ta taya ta ba. Da ta gama, Inna Kubra ta ɗaga ƙwaryar ta sha har ƙasa, ta share baki, ta dubi Umma.

"In yatsuna sunka zube, ku gina bukkar da faɗi mu kwana mu biyu. In ruwa ya sauka suna nan, ke za ki sha bayana."

Umma ta ce ta yarda, don ba a taɓa jin Bafulatana ta ja da baya gaban Ba'ara ba.

Inna, duk ranin nan ba ki fasa kasuwa ba. Ke ce kinka riƙa hawa amalanke cikin rana da gwiwarki ta tsufa, da ƙwayoyin Majo ƙulle a bakin zane. Ke ce kinka koya wa Ajuma gasa rairayi, kinka naɗe mata ƙotar ludayi da tsumma don ta ji daɗin riƙo. A nan Dogon Dutsi labari ya riga ki isowa, wasu gidaje sunka daina miƙa miki ruwa, wani tsoho da kinka daɗe kina murza wa gwiwa ya aiko a ce kada ki sake zuwa. Kinka ce ba komai, gwiwar za ta neme ki. Ta kuwa neme ki.

Da ruwan farko ya sauka, Umma ta kama hannun Inna Kubra a tsakiyar kasuwa, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce hannun Arawa ne, ko ciwo ba ya son shi. Sannan ta rage murya ta ce ta san kuturta ba ta gaggawa, zuciyarta ba ta gama kwanciya ba, amma ta riga ta yi alkawari gaban mutane. Ajuma ta dama, Inna Kubra ta sha rabi, Umma ta karɓa ta sha saura. Ajuma ba ta yi kuka ba, ta ce wa ɗiyarta ta ɗauko ƙwaryarsu ta mai da ita cikin 'yan'uwanta ƙwaryoyin ruga. Da ruga ta tashi, Ajuma na bisa takarkari da ɗiyarta a gaba, an ɗaure mata ƙaramin kasko a gefen kaya. Ba ta warke ba, yatsun na nan a karkace. Amma ta tafi da mutanenta, bana kuma sun dawo tare, Umma na cin tuwo da ita.

Ƙarshen watan nan Inna Kubra za ta aje tsintsiyar likita, ƙafa ta gaji. Inna, uwar masu sanƙararrun yatsu, mun gode. Allah ya saka miki, ya sa hannuwan da kinka murza su yi miki shaida.

Ku masu karanta wannan, da ku da ake karanta wa, akwai masu ciwon nan a Sukukutane da Dogon Kiriya da ba su taɓa ganin Majo ba, wasu an ware musu ƙwarya. Ku kai su likita a duba. In an ce ba a ɗauka, ku zauna ku ci da su. Na tambayi Inna ko za ta bar mini kaskonta, ta ce a'a, tana da sauran gidaje na kusa, in nemi nawa. Jiya na sayo, yau da asuba na ƙona tsumma guda kafin in gane zafin.